Rabin Labarin Mai Shuɗin Gashi

Duk wanda ya buɗe wannan littafi ba da izinina ba, ya rufe shi ya mayar ƙarƙashin yadudduka inda ya ɗauko shi. Auta, da ke nake, na san hannunki. In kuwa uwa ce irina ta tsinci kanta a nan, to ki karanta, kuma ki ji da kyau: kada ki ga ɗanki ya yi shiru da waya a hannu ki ce ai zane ne, wasan yara ne. Ni ma haka na ce.

Lahadi, bayan la'asar

Tun ranar da aka dawo mini da yaron nan daga filin makaranta a bayan motar koci, falo ya zama ɗakinsa. Jijiyar gwiwar dama ce ta tsage. Likita ya sa masa ɗauri mai ƙarafa a gefe da maɗaurai, ya ba shi sanduna, sannan ya faɗi magana a gabana da gaban babansa. Ya ce in ya huta za ta haɗe da kanta. In kuwa ya taɓa ƙwallo kafin a sallame shi, sai wuƙa, kuma ko an yi aikin babu alkawarin zai rabu da ɗingishi. Na rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake rubuta shi ba.

Yau ina wanke-wanke sai na ji ihu daga falo, irin ihun da ake yi in gobara ta tashi, kuma cikin wani yare da ban taɓa ji ba. Na fito da kumfa a hannu.

"Wa ake yankawa a cikin wayar nan?"

"Ba kowa, Umma. Ƙwallo aka ci."

Na leƙa babbar wayar, tsohuwar ta babansa da ya ba shi don ya rage zaman kaɗaici. Subhanallah. Zane ne. Yara ne masu idanu kamar faranti, ɗaya gashinsa shuɗi, ɗaya ja kamar an tsoma shi a fenti, suna gudu a fili suna kuka.

"Katun? Kai da gemu ya fara leƙo maka?"

"Ba katun ba ne, Umma. Anime ne."

"Ko sunan kakansa za ka kira, zane ne."

Auta tana gefe tana cin gyaɗa ta ce, "Umma, ai jiya har hawaye na ga ya yi." Ya jefe ta da matashi. Ban yi dariya ba. Yaro ɗan ajin ƙarshe, jarrabawa na gabansa, yana zubar da hawaye a kan mutumin da aka yi da alƙalami. Wannan zamani sai addu'a.

Litinin, da hantsi, a shago

Na gaya wa mai kitso, maƙwabciyar shagona. Ta ce, "Uwar ɗinki, ki gode Allah yana zaune wuri ɗaya. Nawa ko da igiya ba ya zama." Ita komai wasa ne a wurinta, shi ya sa 'ya'yanta suke amsa mata da "iye".

Wasan ƙarshe na gasar makarantu ya matso. A gidana ba mai ambatonsa, amma kowa ya san ranar.

Talata, da magariba



Na shigo da kayan shanya, na tsaya a bayan kujerarsa bai sani ba. Mai shuɗin gashin nan, wanda ashe shi ne kyaftin, yana zaune a benci da bandeji a gwiwa. A gwiwar dama. Ana cin ƙungiyarsa. Sai ya sunkuya ya kama bandejin da haƙori ya yage, ya miƙe, kiɗa ya tashi, kocinsu ya kawar da kai. Ya shiga fili ya yanke mutum uku, ya buga, ƙwallo ta kama da wuta, raga ta tsage.

Ba zanen ne ya tsorata ni ba. Ɗana na kalla. Bakinsa a buɗe, idonsa na ƙyalli, yatsunsa kuma suna kan maɗaurin gwiwarsa suna wasa da shi, bai ma san yana yi ba.

Na zubar da kayan shanyar na fizge wayar.

"Umma! Saura kaɗan ya ƙare! Don Allah bari in ga na gaba!"

"Ka gama gani."

"Umma, ba ki gane ba ne..."

"Na gane sarai. Tarbiyyar da na yi shekaru ina ginawa ba za a rushe mini ita da fensir mai launi ba."

Gobe zan kulle ta a aljihun keken ɗinkina a shago. Na kuma ce duk abokin da zai zo dubiya ya ajiye wayarsa a bakin ƙofa tare da takalminsa.

Laraba, da rana

Bai ci abinci ba.

Alhamis, bayan azahar, a shago

Babansu ya ce na cika zafi. Ya ce, "Maman yara, yaron nan fa an raba shi da fili, yanzu kuma an raba shi da hoton filin." Na ce uwa ba ta yanke hukunci sai da hujja, kuma zan kawo masa hujja. Zan kalli abin nan daga farko, in tattara duk ɓarnar da ke ciki, in kai taron iyaye da malamai. Akwai fassara da Turanci a ƙasa, na sa tabarau na karanta. Ba a banza na gama sakandare ba.

Ga abin da na gani zuwa yanzu, kuma duk wanda ya yi shi ya ji kunya.

An ce 'yan sakandare ne. Na kalli kashi bayan kashi ban ga an buɗe littafi ba. Aji dai ana nuna shi, amma wurin barci ne da kallon taga. Babu malamin da ya ce wa mai jan gashi ya je ya aske.

Ƙwallo kuma ba ta da nauyi a ƙasarsu. Yaro zai buga ta sama, kafin ta sauko ya tuna yarintarsa, ya tuna kakansa, ya yi wa abokin gaba wa'azi, shi ma ya mayar masa, aka yi ruwan sama aka ɗauke, tana nan a sama tana jira. Na gama kalmasa bakin siket guda kafin ta taɓa ƙasa.

Ba sa magana sai da ihu. Ko ruwa mutum zai roƙa sai jijiyar wuyansa ta tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi, babu iyaye. Wa ke wanke fararen rigunan nan da suke birgima da su a laka? Wa ke dafa abincin da suke buɗewa a rufin makaranta? Aljanu? Yaro ya fita da asuba ya dawo da duhu ba mai tambayarsa daga ina.

Ba don daɗi nake kallo ba.

Juma'a, da yamma

Gaskiya ɗaya zan faɗa, don ni ba na zalunci ko ga zane. Wanda ya zana rigunan ya san yadi. In yaro ya juya, rigar tana tattarewa a hammata daidai inda ta gaske take tattarewa, in ta jiƙe da gumi tana manne wa baya tana sauya launi. Har ɗinkin kafaɗa ya fitar. Wannan ko tela ne ko ɗan tela.

Akwai kuma wani dogon gola mai tsoron ƙwallo, yana rufe ido in an bugo. Shi kaɗai ne mai ladabi a cikinsu, yana rusunawa ya gaida mai shara. Na ga alamar shi ya samu tarbiyya.

Waƙar da suke buɗewa da ita ta maƙale mini a kai. Na kama kaina ina taka keke da kiɗanta. A'uzu billahi.

Asabar, da safe

Alhamdu lillahi, yaron ya sauko. Ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya gaishe ni da fara'a, ya ce daga Litinin zai riƙa tsayawa darasin yamma a makaranta saboda jarrabawa. Na kalli babansu na ce, "Ka gani? Yaro hannu mai ƙarfi yake so." Ya ɗaga kofin shayinsa ya kurɓa.

Litinin, bayan la'asar, a shago

Na ƙona rigar mutane.

Dogon golan ne aka ba shi fenareti ya tare, in an ci an fitar da su. Ya tsaya a bakin raga, aka nuna digon gumi yana gangarowa ta hancinsa, kiɗa ya ɗauke ɗif. Ni kuma na ɗora dutsen guga a kan wuyan rigar matar mai kemis. Bai rufe ido ba! Ya tare! Sai ƙauri na ji.

Mai kitso ce ta shigo da gudu da mataji a hannu. "Uwar ɗinki, lafiya? Ihunki na ji."

"Ban yi ihu ba."

"To keken ne ya ce 'kama ta, ɗan albarka'?"

Na ce mata bincike nake yi. Ta ja kujera ta zauna, wai ita ma za ta taya ni binciken. Matar da take wa kitso ta biyo ta da rabin kai a tsefe.

Ba don daɗi nake kallo ba. Wuyan rigar sai na sake shi da sabon yadi.

Talata, da magariba

Ya dawo daga darasin yamma wandonsa da ɗanyar ciyawa a gefe. Ya ce a ƙarƙashin bishiya suke karatu. Da na taimaka masa ya zauna na ji gwiwar da ɗumi. Ya ce rana ce.

Na ce to.

Laraba, da hantsi

Mun kai inda Mai Shuɗin Gashi ya ji ciwon. An zana shi daidai. Yadda ƙafar ta kafe a ƙasa jiki ya juya ya bar ta, haka koci ya kwatanta mini na ɗana. Na kashe wayar na fita na tsaya a bakin titi ina kallon motoci.

Alhamis, bayan azahar, a shago

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun kai wurin da na fizge wayar. Ya yage bandeji da haƙori, ya shiga, ya ci. Mai kitso ta yi guɗa. Na ce mata, "Kin ga gubar? Nan ne." Na kai hannu zan kashe, hujjata ta cika, sai kashi na gaba ya fara da kansa.

Ba waƙa. Wannan karon ba su sa waƙar ba.

Kowa na murna, ana rungume-rungume, sai golan ya waiwaya. Mai Shuɗin Gashi yana kwance inda ya buga ƙwallon, bai tashi ba. Bai yi ihu ba, shi da ko gaisuwa da ihu yake yi. Yana ta ƙoƙarin miƙewa ƙafar tana lanƙwashewa ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Aka ɗauke shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Babu wuta, babu walƙiya. Farin silin na asibiti kawai, da ƙarar takalmin nas.

Likitansu ya yi magana. Na karanta fassarar, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Kusan kalma da kalma abin da namu ya faɗa ne, sai dai shi nasu ba gargaɗi yake yi ba, ya riga ya faru.

Sannan aka nuna uwa.

Ashe akwai ta. Ba su zana fuskarta ba. Bayanta kawai, a kan benci a barandar asibiti, da hannayenta a kan cinya tana ninke rigar ƙwallonsa mai laka. Ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Hannayen da kaushi, farcen a gajarce. An daɗe a kan hannayen nan ba mai magana. Duk fararen rigunan da nake tambayar wa ke wankewa, ga mai wankewar.

Mai kitso ta share ido da gefen mayafinta ta ce, "Kai, waɗannan mutane ba su da imani."

Da na koma gida na ja Auta kicin na tambaye ta ko yayanta ya taɓa kallon abin nan har ƙarshe a wani wuri.

"Ina! Karon farko ke nan. Ai ya hana abokansa su gaya masa abin da zai faru, har toshe kunne yake yi. Inda kika ƙwace, nan ya tsaya."

Nan ya tsaya. A kan ƙwallo cikin raga.

Na so in yi masa magana da ya dawo, na tarar ya yi barci a kujera da kayan makaranta a jikinsa. Na ce sai gobe.

Juma'a, da rana

Ba zan iya rubuta komai a jere ba. Bari in gwada.

Koci ya shigo shago da buhun sababbin rigunan ƙungiya, kamar yadda ya saba duk shekara, in ɗinka musu lambobi. Muka gaisa. Ina zazzage buhun yana lissafo mini, har ya ce, "Lamba bakwai kuma ki yi mata ɗinki biyu, Mama, kin san yadda ake jan rigar Walƙiya a fili."

Walƙiya shi ne sunan da suke kiran ɗana a fili. Ni ban haifi walƙiya ba, amma na san wa ake nufi.

"Wa zai sa lamba bakwai?"

Ya yi dariya. "Mai ita mana. Ai mun gode Allah da likita ya sallame shi da wuri. Tun Litinin yake fitowa atisaye. Yana ɗan taka ta a hankali, amma zuciyar nan tasa..."

Ban san fuskata ta yi yaya ba, na dai ga dariyar ta mutu a bakinsa.

"Mama, shi ya ce mini..."

"Yanzu yana ina?"

"Na bar su suna zagaye fili."

Ban rufe shago ba. Ban san da takalmi ɗaya na fita ba sai da mai kitso ta kawo mini ɗayan asibiti.

Da na isa filin na ga ɗaurin a rataye a jikin ƙarfen raga, da sandunan a jingine. Abin da na gani a tsakiyar fili ba zan rubuta ba.

Asabar, da safe, asibiti

Gwiwar ta kumbura sosai, hoto ba zai nuna komai ba sai ta saɓe. Sai mu jira.

Asabar, bayan azahar

Bencin barandar nan irin wanda uwar Mai Shuɗin Gashi ta zauna a kai ne. Na tashi na koma tsaye.

Lahadi, da yamma

An sallamo mu, za mu koma in kumburin ya sauka. Koci ya zo har gida ya durƙusa yana ba da haƙuri, babba da shi. Na ce masa daga yau in yaro ya ce likita ya sallame shi, a kira uwarsa. Ya ce in sha Allahu. Babansu ya raka shi waje suka daɗe.

Babansu bai ce mini "na gaya miki" ba. Da ya faɗa da na samu abin yin faɗa.

Yaron ya juya fuska bango. Abu ɗaya ya faɗa tun jiya, shi ma ga babansa: "Abba, in aka ɗaure ta da ƙarfi, ko minti goma ne zan iya a wasan ƙarshe ranar Asabar." Ina bakin ƙofa na ji. Bayan duk wannan. Minti goma.

Na yi masa wa'azi a kan ƙarya, da haƙƙin iyaye, da amanar jiki da Allah zai tambaye shi. Na yi magana har muryata ta dushe. Kamar da bango nake yi. Ya ce, "To, Umma," irin "to" ɗin da ake ce wa mai talla.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe aljihun keke na ɗauko wayar na kawo gida. Na ja kujera kusa da shi, na gyara masa matashi a ƙarƙashin ƙafar, na jingina wayar da kwalbar ruwa.

Ya kalle ta ya kalle ni. "Ba kin ce shirme ba ne?"

"Shirme ne. Kalli."

"Ni na daina."

"Ba tambayarka na yi ba. Ka ce in bari ka ga na gaba. Ga na gaba."

Na danna daidai wurin. Da ƙwallo ta shiga raga na ga gefen bakinsa ya motsa. Da kashi na gaba ya fara ba waƙa ya ce, "Sautin ya lalace ne?" Na ce bai lalace ba.

Ban kalli wayar ba, na riga na gani. Shi na kalla. Lokacin da ƙafar ta lanƙwashe ya kai hannu ya dafe tasa gwiwar. Lokacin likita ya daina ƙifta ido. Da aka zo kan hannayen matar, sai ya sauke ido a kan nawa hannayen, na ɓoye su a cikin zane.

"Zai sake bugawa?" ya tambaya, muryarsa kamar ta ƙaramin yaro.

"Ba ka ce kada a gaya maka ba?"

"Umma kin kalla ne?"

Auta daga bakin ƙofa ta ce, "Har rigar matar mai kemis ta ƙona." Na ce ta ɓace mini da gani. Ya yi wata dariya da ta juye ta zama kuka, ya kifa kai a kafaɗata. Rabonsa da yin haka tun yana firamare. Na ce masa namiji ba ya kuka a kan zane, amma ban ture shi ba.

Talata, da magariba

Mun ci gaba. Babansu ma ya zauna, wai labarai yake jira.

An yi wa Mai Shuɗin Gashi aiki. Ba su yi sauri ba, sun nuna komai: yadda yake koyon taka bene, yadda ƙafar ta rame ta fi ɗayar siranta, yadda ya jefar da kwanon abinci ya yi wa uwarsa tsawa, sannan ya rarrafa ya kwashe da kansa. A nan na tsayar na yi ɗan bayani a kan ɗaga wa uwa murya. Suka ce, "Umma, don Allah danna."

Daga baya ya koma fili da sanduna ya zauna a benci. Wani ɗan aji ɗaya, siriri mai rawar jiki, shi aka sa a gurbinsa. Da farko ko kallonsa ba ya yi. Sai ranar da yaron ya zubar da ƙwallo har sau uku, ya kira shi gefe ya nuna masa yadda ake karɓa da cikin ƙafa, yana zaune, da hannu.

Har yanzu ƙwallo na daɗewa a sama. Har yanzu ba a buɗe littafi ba. Ban janye ko ɗaya ba.

Laraba, da hantsi

An ɗauki hoton. Sakamako gobe. Na share shago sau biyu.

Alhamis, da rana

Jijiyar ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana abin da ya rage, siriri kamar zaren da nake sa wa allurar hannu. Ya ce ya tsallake wuƙa da ƙyar, amma an koma farko, kuma ƙwallon bana ta wuce shi. Ya kalli yaron ta saman tabarau ya ce, "Saurayi, gudu ɗaya ya rage maka a gwiwar nan. Ko ka kashe shi ranar Asabar, ko ka ajiye ya haifar maka wasu."

Yaron ya ɗauki sandunansa muka fito. Ban san me ke ransa ba, kuma wannan karon ban yi wa'azi ba. Bakina ya gaji.

Juma'a, bayan la'asar, a shago

Na gama lambobin duka, sai bakwai. Rigar tana kan tebur tun safe, na ɗauka na ajiye, na ɗauka na ajiye.

Sai na ji ƙwas, ƙwas a bakin ƙofa. Shi ne da sandunansa, babansa ya sauke shi. Ya zauna a kujerar masu jiran gwaji ya miƙe ƙafar, ɗaurin a ɗaure tsaf har maɗauri na ƙarshe. Na duba.

"Umma, ba ki sa lambar ba?"

"Ban sa ba."

"Ki sa."

Na zaci shi zai sa ta gobe. Na ajiye almakashi.

"Ki sa, sannan ki rage ta. Akwai wani ɗan aji huɗu da koci zai sa a wurina, ɗan firit ne, in ya sa ta haka sai ta kai masa gwiwa." Ya ɗaga rigar ya kama gefe da gefe. "Kamar nan. Da kafaɗa ma."

Na ce, "Kai za ka koya mini ragin riga?"

Na sa lambar, ɗinki biyu. Na rage gefe, na ɗage kafaɗa, yana zaune yana kallon allura tana hawa da sauka. Amma ban yanke yadin ba. Na ninke rarar a ciki na bi ta da dogon ɗinki, irin wanda ake warwarewa da tsinin almakashi. Ya juya rigar ya gani. Ya shafa wurin da babban yatsa.

"Na baɗi ne," na ce. "In likita ya faɗa da bakinsa, a gabana."

"To, Umma."

Wannan "to" ɗin daban ne. Uwa ta san bambanci.

Asabar, da magariba

Na je filin. Ban taɓa zuwa kallon ƙwallo ba a rayuwata. Ƙwallon gaske ba ta daɗewa a sama, kafin in gano inda take an wuce da ita. Ba kiɗa, ba wuta, sai ƙura da iyaye maza masu zagin alƙalin wasa a gaban 'ya'yansu, abin kunya.

Ni benci na kalla. Ɗana yana zaune ƙafarsa a kan jarkar ruwa, yana ta yi wa ɗan firit ɗin ihu ya buɗe gefe, jijiyar wuyansa a tashe. Yanzu na san inda masu zanen suka samo ihun. An ci su ɗaya, suka rama, daga baya aka sake cin su. Da aka busa tashi, ɗan firit ya zo ya durƙusa a gabansa yana kuka cikin rigar da na rage, shi kuma ya dafa kansa. Bai miƙe ba ko sau ɗaya. Na sa ido, bai miƙe ba.

Mai kitso ta aiko Auta ta tambaye ni yaushe za a ci gaba da bincike, wai an bar ta a tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe.

Lahadi, bayan la'asar

Hukuncina a kan abin nan, tunda na ce zan kai taron iyaye: gashin banza ne, ihun ya yi yawa, kuma ya kamata a nuna yara suna karatu ko sau ɗaya ne. Amma bai yi wa ɗana ƙarya ba. Ya faɗi gaskiya, sai dai a kashi na gaba ya faɗe ta. Ba zan kai shi taron ba.

Na tara su a falo bayan an ci abinci, har da babansu, na kashe fanka don kowa ya ji. Daga yau ga dokar gidan nan. Ba mai kallon wani abu shi kaɗai a lungu, a falo za a kalla, ina zaune. Ba a kunnawa sai an gama aikin makaranta na gani da idona, kuma mai ciwo ƙafarsa na kan matashi. Sannan duk labarin da aka fara a gidan nan sai an kai ƙarshensa. Ba mai tsayar da shi a tsakiya, ko yaro ko babba.

Auta ta ɗaga hannu kamar a aji. "Umma, ko ke?"

Na ce na faɗa, ko babba. Danna mana.